Kunyar ɗan fari da abin da ta jawo mini a makarantar Amurka

Ni haifaffiyar Zariya ce, kuma kafin in bar gida na yi shekara tara ina koyar da 'yan aji ɗaya da aji biyu a wata makarantar firamare. Na fara da wannan ne don kada mai karatu ya zaci duhun kai ne ya jefa ni cikin abin da zan ba da labari. Na san alli da rajista, na kuma san yadda ake bambance yaron da ya iya karatu da wanda yake bin bakin 'yan'uwansa kawai idan an ce a maimaita. Da wannan sanin nawa na sa hannu a kan takardar da ta cinye wa ɗana shekara biyu na karatunsa, kuma na sa hannun ne ina murmushi, ina zuba godiya.

A 2009 maigidana ya dace da bizar Amurka ta ƙuri'a, lokacin ba a kai ga cire Najeriya daga cikin ƙasashen da ke shiga ba. Muka sauka a Bronx, cikin birnin New York, da yara biyu: ɗan fari mai shekara shida da ƙanwarsa mai huɗu. Maigida ya kama tuƙin tasi da dare, ni kuwa da na ga takardar koyarwata ba ta ci a nan, sai na yi kwas na 'yan makonni na zama mai kula da tsofaffi a gidajensu, aikin da ya riƙe mata 'yan Afirka ta Yamma da yawa a wannan birni. Nasihar farko da waɗanda suka riga mu zuwa suka yi mana ita ce mu raba 'ya'yanmu da 'ya'yan baƙaƙen fatar Amurka, wai ba sa son karatu, ba sa ganin girman kowa. Na karɓi maganar ba tare da na auna ta ba. Idan na ji a labarai ana zancen tazarar da ke tsakanin yaran farare da na baƙaƙe a sakamakon jarrabawa, sai in ce a raina: an ba mutum aji mai ɗumi, littafi kyauta, abinci kyauta, me kuma yake nema? Ni da na koyar da yara tamanin a aji ɗaya, rabinsu a ƙasa, ban ga wani uzuri ba. A lissafina wannan tazara matsalar wasu ce, mu baƙi ne masu tarbiyya da za mu ratsa ta gefe mu wuce.

Ranar da na kai yaron makaranta aka ba ni takarda mai tambayar harshen da ake yi a gida, na rubuta Hausa. Aka gwada Turancinsa, shi kuma ya ƙi buɗe baki a gaban baƙuwar fuska duk da ya yi shekara biyu a nazare a Zariya, sai aka sa shi cikin masu koyon Turanci. Tsarin ba mugu ba ne, domin tun 1974 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke cewa dole makaranta ta taimaki yaron da bai ji Turanci ba. Illar ita ce lokacin da ake fitar da shi don wannan darasi ya faɗa daidai sa'ar da sauran 'yan ajin suke koyon karatu, ni kuma ban lura ba. A aji biyu takardun ƙorafi suka fara zuwa, wai ba ya kallon malama idan tana yi masa magana, sai ya sunkuyar da kai, wato ladabin da na yi shekara shida ina koya masa. Yara suna tsokanarsa da lafazinsa da sunansa, suna tambayarsa ko a kan bishiya muke kwana a Afirka. Ya yi dambe sau biyu, aka dakatar da shi sau ɗaya. Idan ya dawo gida in ƙara masa da nawa faɗan, ban taɓa tambayarsa abin da ya haɗa su ba. Sai a 2014 ma'aikatar ilimi ta tarayya ta fitar da alƙaluman da suka nuna ana dakatar da ɗalibai baƙaƙe ninki uku na farare, amma a lokacin ban san ɗana ya shiga wani lissafi ba.

Ƙarshen shekarar, bayan wasu gwaje-gwaje da na amince a yi masa, aka kira ni taro. Maigida yana barcin gajiyar dare, na tafi ni kaɗai. Mutum biyar na tarar kewaye da tebur, kowa da fayil a gabansa, an bar yaron a kan benci a bakin ƙofa. Aka tambaye ni ko ina son tafinta, girman kai ya sa na ce a'a, alhali Turancin da ake yi a wannan ɗaki, mai cike da gajerun sunayen dokoki da na gwaje-gwaje, rabinsa wuce ni yake yi. Can sai wata matashiya mai fara'a ta ajiye alƙalami, ta ce in gaya musu abin da yaron ya fi iyawa, abin da nake alfahari da shi a kansa.

Duk Bahaushiyar da ke karanta wannan ta san abin da ya same ni. Ɗan fari ne. Ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa yi masa wasa a gaban surukaina ba, kuma ko a kan ɗan auta ne, uwa ba ta zama a gaban mutane ta yabi abin da ta haifa. Sai na sunkuyar da kai na yi irin maganar da iyaye suka sha yi mini a Zariya idan sun kawo yaro: na ce yana da taurin kai, ko a gida ba ya jin magana, a yi haƙuri da shi, ga shi nan amana, duk abin da suka ga ya dace su yi. A gida malami ya san wannan kara ce, ya san uwar da ta faɗi haka ita ce za ta kwana zaune idan yaron ya yi zazzaɓi. A nan kuwa sai na ga alƙalami biyu suna tafiya a kan takarda. Suka ce sun fahimci matsalarsa ta ɗabi'a ce, kuma akwai aji na musamman mai yara 12 kacal, da malama da mataimakiya. Na tuna da tamanin ɗina, na ji kamar an ba ɗana kujerar Makka. Na sa hannu.

Ajin yana can ƙarshen bene, kusa da ɗakin ajiya, kuma goma daga cikin yaran maza ne. A shekarar farko malama uku suka yi, kowace ta tafi kafin ta gama sanin halinsu. Aikin gidan da yake kawowa yawanci shafa kala ne da haɗa hoto da kalma, irin wanda ƙanwarsa take yi. A jarrabawar jiha ta aji uku, wadda ake auna yara daga mataki na 1 zuwa na 4, ya tsaya a 1 a karatu da lissafi. Ya daina faɗa, gaskiya ne, amma ya daina magana ma, kullum da safe sai ciwon ciki. Na ɗauki shirun a matsayin gyaruwa.

A 2012 aka tura ni aiki gidan wata tsohuwa baƙar fata a arewacin Bronx, wadda ciwon suga ya zaunar a keken guragu. Mama nake kiranta, ita kuma tana ce mini 'yata. Ta yi shekara talatin tana aikin mataimakiyar malami kafin ta yi ritaya, amma watanni na yi ina yi mata wanka da girki ban taɓa kawo mata zancen makaranta ba, domin a zuciyata tana cikin mutanen da aka ce in nisanta. Wata rana na baje takardun taron shekara a kan teburin kicin ɗinta ina ƙoƙarin fahimtarsu kafin shinkafa ta dahu, sai ta ce in miƙo mata tabarau. Ta bi shafi bayan shafi ba ta ce uffan ba, har ta iso wurin da aka rubuta bayanin uwa. Ta ɗora yatsa a kai ta ce, "Ke kika faɗi wannan?" Na ce ni ce, na shiga yi mata bayanin kunyar ɗan fari. Ta saurare ni har ƙarshe, sannan ta ce, "'Yata, al'adarku ta yi kyau, amma a ƙasar nan duk abin da aka faɗa a kan yaro baƙar fata rubutawa ake yi, kuma takardar tana riga shi isa duk inda za shi." Abin da na mayar mata, har yau idan na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ce ai mu 'yan Afirka ne, namu daban ne. Ba ta yi fushi ba. Ta koma shafin bayanan ɗalibi, inda aka yi alama a akwatin launin fata, ta juyo mini da shi, ta ce in nuna mata layin da aka rubuta hakan.

Daga ranar, ina yi mata kitso ko ina shafa mata mai a ƙafa, tana ba ni tarihin da ban taɓa nema ba. A jihar Carolina ta Kudu aka haife ta, ta yi karatu a makarantar katako ta baƙaƙe zalla, da littattafan da makarantar farare ta gama da su, sunayen wasu yara a jikin bangonsu, tana tafiya a ƙasa motar 'yan makarantar farare tana wuce ta da ƙura. A jiharsu ne wasu iyaye baƙaƙe suka fara da roƙon motar makaranta, maganar ta girma har ta zama ɗaya daga cikin ƙararraki biyar da aka haɗa a shari'ar Brown, wadda lauya Thurgood Marshall ya tsaya wa, Kotun Ƙoli ta haramta raba makarantu bisa launin fata a 1954. Ta ce hukuncin ya fito tana budurwa, amma har ta bar garinsu ba ta ga yaro baƙi ya zauna aji ɗaya da ɗan farare ba. Da ta zo New York ba ta tarar da dokar wariya ba, sai ta tarar unguwa tana yin aikin da doka take yi a kudu, domin tun shekarun 1930 aka zana taswirorin da aka shafa wa unguwannin baƙaƙe jan launi, bankuna suka riƙa ƙin ba da bashin gida a cikinsu, makaranta kuma adireshi take bi. Ranar 3 ga Fabrairun 1964 tana cikin iyayen da suka riƙe 'ya'yansu a gida, ranar da ɗalibai sama da 450,000 suka ƙaurace wa azuzuwa a birnin don neman a haɗe makarantu. Shekara hamsin bayan haka, a 2014, masu bincike na jami'ar California da ke Los Angeles suka bayyana cewa babu jihar da makarantunta suka kai na New York rabuwa bisa launin fata. Da na karanta mata labarin, cewa kawai ta yi in ƙara mata ruwan zafi a shayi.

Sauran karatun da idona na yi shi. Ranakun Asabar ina aiki a wani gida a Manhattan, inda na ga malama tana zuwa har gida tana shirya jikar gidan mai shekara huɗu don jarrabawar shiga ajin masu hazaƙa, jarrabawar da ban ma san da ita ba sa'ad da 'yata take waɗannan shekarun. A can na ji cewa ƙungiyar iyaye ta wasu makarantun gwamnati tana tara sama da dala miliyan ɗaya a shekara ta ɗauki ƙarin mataimaka da malaman kiɗa da zane, alhali mu a tamu ƙungiyar kek muke sayarwa mu sayi takardar kwafi. Idan aka haye iyakar birnin kuwa, babban kaso na kuɗin makaranta daga harajin gidajen yankin yake fitowa, saboda haka unguwa mai tsadar gidaje ita ce mai makaranta mai kuɗi, kuma a 1973 Kotun Ƙoli ta ce hakan bai saɓa wa tsarin mulkin ƙasar ba. Suna ɗaya ne, makarantar gwamnati, amma ba daga tukunya ɗaya ake zuba wa kowa ba.

Mama ce ta gaya mini cewa dokar tarayya ta ilimin yara masu buƙata ta musamman, wadda asalinta ta 1975 ce, ta ba ni 'yancin neman a sake gwada yaron, idan ban yarda da sakamakon ba in nemi gwajin masani na waje da kuɗin hukuma, in zo taro da wanda nake so ya raka ni, kuma dokar ta fi son a bar yaro a aji na kowa da kowa matuƙar zai yiwu. Duk wannan yana cikin wani ɗan littafi da aka ba ni tun taron farko, na jefa shi durowa tare da takardun kuɗin wuta. Ta yi mini shifta na rubuta wasiƙa, ta ce in riƙe kwafi, in tabbatar an buga mini hatimin ranar da aka karɓa.

Ta kuma yi mini tambayar da ta fi kowace zafi: ke da kike malama, yaushe rabon ki zaunar da shi ya yi miki karatu? Rabona da hakan tun Zariya. Gajiya tana ciki, amma babban dalilin shi ne na raina kaina, na ɗauka ba ni da abin da zan koya wa yaro a ƙasar masu Turanci. Daren nan na ba shi littafi, ya kama karantawa da sauri kamar gaske, sai na lura idonsa a kan hoto yake. Na sa tafin hannuna na rufe hoton. Ya tsaya cak. An koya masa ya dubi hoto da harafin farko ya canki kalmar, yaro mai kaifin kai kuwa yana iya shekaru yana canka ba a gano shi ba. Abin da ya ƙara tsaya mini a rai shi ne, wannan yaron da aka ce ya kasa, a Islamiyyar ƙarshen mako yana haɗa baƙin Larabci yana karanta ƙananan surori babu hoto ko ɗaya, domin a can an bi da shi ta babbaƙu, sannan farfaru, sannan haɗawa. Sai na sayo ɗan allon rubutu na koma malamar aji ɗaya: kowane dare rabin awa, sauti ɗaya-ɗaya, mu haɗa biyu, mu haɗa uku. Turanci ba shi da gaskiyar Hausa wajen rubutu, harafi ɗaya sai ya yi sauti uku, amma yana da ƙa'idojinsa, ina koyonsu ina koya masa.

Gwajin waje ya nuna yana baya da kusan shekara biyu a karatu, bai kuma ga wata matsalar ɗabi'a da za ta sa a ware shi ba. Ranar taro, a 2013, Mama ta sa hular da take zuwa coci da ita, na turo ta a kekenta har cikin ɗakin. Ta riga ta sa ni rubuta abubuwa uku na yabon yaron, ta ce idan ba zan iya faɗa da ka ba to in karanta. Na karanta, muryata tana rawa: cewa ya haddace surori fiye da ashirin, cewa yana lissafa canji kafin mai kanti ya gama danna na'ura, cewa shi yake raka ƙanwarsa ya tsaya sai ta shiga aji. Ji na yi kamar na yar da mayafi a tsakiyar kasuwa. Ba na cewa mutanen ɗakin mugaye ne. Matashiyar nan mai fara'a da bakinta ta ce da ta ji wannan shekara biyu da suka wuce da wasu tambayoyin ta yi. A farkon aji biyar aka mayar da shi aji na kowa, mai malamai biyu, da ƙarin darasin karatu.

Sai dai takardar ta riga shi, kamar yadda Mama ta faɗa. A lokacin makarantun tsakiya da ake rububi da sakamakon aji huɗu suke zaɓen ɗalibai, nasa kuwa na ajin ƙarshen bene ne. Ya tafi wadda ta rage, inda ba a koyar da aljabara a aji takwas, wanda kuma bai yi ta a nan ba da wuya ya kai ga babban lissafi kafin ya gama sakandare.

A kan ƙanwarsa na zama uwar da ake gani a kowane taro. Na sa ta a shirin share fage na kyauta don jarrabawar shiga manyan sakandare takwas na birnin, waɗanda makin jarrabawa ɗaya tak ke shigar da yaro. Sakamako ya fito a Maris na 2019, ba ta samu ba, kuma a lokacin ne jaridu suka ɗauki labarin cewa cikin ɗalibai 895 da aka ba gurbi a Stuyvesant, wadda ta fi kowace wuyar shiga, 7 ne kacal baƙaƙe. Baƙaƙe da 'yan asalin Latin Amurka su ne kusan kashi biyu cikin uku na ɗaliban birnin, amma abin da suke samu a waɗannan makarantu kamar kashi ɗaya ne cikin goma. Magajin gari na lokacin, Bill de Blasio, ya nemi a soke jarrabawar, iyaye 'yan Asiya da yawa suka tashi tsaye, dokar jiha ta 1971 da ta kare ta kuma ta tsaya daram. Ban iya jin haushin waɗannan iyaye ba, domin maƙwabcinmu ɗan Bangladesh direban tasi ne kamar maigidana, kuma na san abin da ya hana cikinsa don biyan kuɗin darasin ɗansa. Na kuma fito daga ƙasar da ake ware kashi 20 cikin 100 na gurbin jami'o'in tarayya don jihohin da aka ce suna baya a ilimi, tamu tana ciki, na san amfanin hakan, na san gorin da ke biyo bayansa. A ganina faɗan da ake yi a bakin ƙofar sakandare ya zo wa yawancin yaranmu a makare, domin an riga an yi rabon tun suna shekara bakwai, ranar da aka bar wani yana cankar kalma daga hoto, wani kuma ana biya masa malami a gida.

Da aka rufe makarantu saboda korona a Maris na 2020, yara uku ne a gidana, har da autan da na haifa a nan, ga kwamfutar hannu ɗaya da intanet mai yankewa. Maigida ya kwanta makonni, tasi ta tsaya, babban ya shiga kai saƙon abinci a keke yana aji sha ɗaya, saura ƙiris ya bar karatun gaba ɗaya. A Afrilu Mama ta rasu a asibiti, ba a bar kowa ya shiga wurinta ba, ban kuma samu halartar binne ta ba. Har yau idan na bi ta layinsu sai na rage tafiya.

Babban ya gama sakandare a 2021, ya shiga kwalejin shekara biyu, sai da aka haɗa masa da ƙarin darasin lissafi, yanzu yana koyon aikin ɗaukar hoton ƙashi a asibiti. Wata rana yana neman takardar haihuwarsa a durowa ya ci karo da tsohon fayil ɗin. Ya same ni a kicin ya ce, "Umma, ba sai na karanta ba, ai ina kan benci ranar, ƙofar ba ta rufu sosai ba." Fiye da shekara goma yana ɗauke da maganar, yana zaton abin da na faɗa shi ne abin da nake gani a kansa. Na yi masa bayanin kara, ya ce yanzu ya sani, amma yaro ɗan shekara takwas bai sani ba. Na nemi ya yafe mini, abin da ban taɓa jin wata uwa a danginmu ta yi wa ɗanta ba, ya ce ba komai, ya ɗauki takardarsa ya fita. Har yanzu ba na kiran sunansa, ban kuma ga dalilin barin wannan kunya a cikin gidana ba. Inda na daina kai ta shi ne ɗakin da ake rubutawa.

Yanzu ni ma mataimakiyar malama ce a wata firamare, aikin da Mama ta yi. A 2023 birnin ya fara sauya manhajar koyon karatu zuwa wadda ta dogara da haɗa sauti, abin da malamin allo bai taɓa bari ba; na ji daɗi, na kuma ji ɗaci, domin ya zo wa ɗana a makare da shekara goma sha huɗu. Idan na samu sarari nakan raka mata 'yan'uwanmu taron makaranta, 'yan Kumasi da 'yan Maraɗi da 'yan Kano, in yi musu tafinta. A watan jiya na raka wata 'yar Damagaram, ita ma a kan ɗanta na fari. Tun a mota na ce ta faɗa mini abu uku, ta yi ta dariya tana rufe fuska tana cewa, "Yaya, wannan ai rashin ta-ido ne." Da aka zo wurin tambayar sai ta sunkuyar da kai, na ji ta fara cewa yaron ba ya ji. Ban fassara ba. Na taka mata ƙafa a ƙarƙashin tebur, na ce wa malamar ta ba mu minti ɗaya. Ta daɗe tana murza bakin mayafinta, sannan ta ce, a hankali kamar mai amsa laifi, shi yake gyara wayar babansa idan ta lalace, kuma shi ya koya wa ƙannensa biyu ƙirga har ɗari da Hausa da Faransanci. Na fassara, malamar ta rubuta, muka wuce shafi na biyu.